Lambar da Ba Ta Kankaruwa

Shekara biyu ke nan da Ridwanu ya hau mota daga Gashuwa zuwa Machina, kwamfutarsa a jaka. Bai isa ba, bai dawo ba. Ubansa, Malam Dunoma dillalin shanu, ya hana a yi masa ta'aziyya. Ya ce ba a sallar gawa sai an ga gawa.

Ranar kasuwar Nguru ya ga wata kwamfuta a teburin 'yan gwanjo. Da aka kunna ta, fankar ciki ta yi tari sau biyu, irin tarin da ya saba ji daga ɗakin Ridwanu bayan la'asar. Ya juya ta, ya ga an kankare takardar lamba. Ruwa ba ya tsami banza. Ya saya, ya kai wa Radiyya, mai gyara a Gashuwa, abokiyar karatun ɗansa.

"'Yar nan, kwance ta mu gani."

"Baba, wannan ba saniya ba ce da sai an buɗe baki a duba haƙora. Tambayarta zan yi."

Ta buɗe baƙin allo, ta buga gajeren umarni. Farin rubutu ya zubo. Ta karanta masa sunan ƙwaƙwalwarta, da ram guda biyu, wato 'yan sassan da ke ƙara mata sauri, kowanne da kamfaninsa.

"Shi ya ƙara ɗayan," in ji Dunoma. "Ni na raka shi saye."

Ya ciro wata takarda daga cikin hularsa, wadda Ridwanu ya rubuta lambar kwamfutar a kai, ya ba shi saboda ɓarayi. Radiyya ta sake bugawa. Lambar da aka dasa a cikin injin ta fito. Tana karantawa, yana bin takardar da yatsa, har harafin ƙarshe. Babu wanda ya saɓa.

"To, nuna min hotunansa. In ji muryarsa."

Ta sake tambayar injin.

"Baba, ma'ajiyar hotuna da murya da ke ciki ba tasa ba ce. An sauya. Wannan sabuwa ce, kwana tara kacal ta yi tana aiki."

Fankar ta sake tari. Dunoma ya dafa murfin, ya ji ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Ridwanu ko masallaci ba ya zuwa sai ya kulle kwamfutar nan a akwati. Da yana raye, da ba ta kai teburin 'yan gwanjo ba. Gani ya kori ji.

Ya warware rawaninsa, ya naɗe ta, ya rungume. Da ya isa ƙofar gida, ya kira matarsa.

"Falmata, a fito da tabarmi. Ki aika wa dangi su zo."