Motar da Ta Kai Margaret Gida

Malam Manasse Dzarma ya shafe fiye da shekara talatin yana koyarwa a makarantun firamare na Maiduguri kafin ya yi ritaya ya zauna a gidansa na Bulumkutu. Shi da matarsa Margaret duk 'yan ƙabilar Bura ne, daga wani ƙauye da ke kan dutse bayan Shaffa, amma a birni suka haifi 'ya'yansu, a birni suka aurar da su. Margaret tela ce. Hausarta ta fi ta mijinta daɗi, har Kanuri takan taɓa in ta shiga kasuwa.

A daminar 1997 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta. Ta tashi, amma hannun dama bai dawo ba, ƙafar ma sai ta ja ta. Abin da ya fi damun kowa shi ne bakinta. Hausar ta gudu, sai kalma ɗai-ɗai, yaren Bura kaɗai ya rage mata. Maƙwabta su zo gaisuwa, ta dube su ta yi murmushi, magana ta ƙi fitowa. Hajja Kellu, matar maƙwabcinsu Ba'ana, wadda suka saba hira ta kan katanga tun 'ya'yansu suna ƙanana, takan zo ta riƙe hannunta har la'asar.

Manasse kaɗai take iya yi wa zance, zancen kuma kusan ɗaya ne: yayarta Susanna, wadda ke ƙauye, idonta ya mutu, ba ta iya doguwar tafiya. Takan tambaye shi ko an fara cire gyaɗa a can, ko rafin bayan gidansu ya janye. Shi ma bai sani ba, rabonsa da ƙauyen an daɗe. Wata rana da safe ta ce masa tana so ta ji muryar Susanna tun tana da kunnen ji. Ya ce da ruwa ya ɗauke zai kai ta.

Akwai mota a gidan, wata tsohuwar jif da ɗansu Alfred ya saya a hannun wasu Turawa masu haƙa rijiyar burtsatse da suka gama aikinsu. Da aka mai da shi Fatakwal ya bar wa mahaifinsa ita. Irinta kaɗai ke iya hawan dutsen ƙauyen. Sai dai tun farkon damina wata wuta mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa, kuma in ya taka birki a hankali sai fedar ta riƙa karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa, motar ta ƙara gaba kafin ta tsaya. Bakaniken da ya duba ta ya ce birkin irin na zamani ne, mai hana taya cijewa. A bayan kowace taya akwai wata 'yar aba da suke kira sensa, wadda ke lura da juyawarta, kuma na gaba biyun sun lalace. Ya ce babu su a gari, ya ba da shawara a cire fis ɗin da ke ba su wuta kawai, birkin ya koma irin na da. Manasse ya yi godiya ya tafi. Ya san gangaren da ke bayan Shaffa, kuma ba shi kaɗai zai sauko shi ba.

Ba'ana ne ya samo hanya. Shi fataucin banda yake yi a kasuwar kifi ta Baga Road, kuma motocinsa na zuwa Onica su dawo. Ya sa Manasse ya zana siffar abin a takarda, ya ba wani direbansa. Aka yi ta jira. Margaret kullum tana zaune a baranda tana kallon motar a ƙarƙashin dalbejiya, in ta ji an buga ƙofa sai ta ɗago kai. Ruwa ya ɗauke, dawa ta fara nuna a gonakin bayan gari, sannan wata ranar Asabar Ba'ana ya shigo da ƙunshi a tsohuwar jarida. Guda biyu ne, na hannu, kowanne kamar ɗan yatsa da doguwar waya a jikinsa, suna ta ƙaurin banda.

Manasse bai yarda ya mai da motar gareji ba. Ya ce a gaban Margaret zai yi aikin, ta gani da idonta. Ba'ana ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a reshe. Suka kwance notuna, suka ɗaga motar da jak, suka tokare ta da bulo da guntun katako, suka cire tayar hagu. Tsohuwar sensar tana can bayan faifan birki, tsatsa da yashi sun riƙe ta, wayarta ta goge har tagullar ta fito. Manasse ya zuba mata kananzir, ya jira, ya kama da filaya ya murɗa. Kan ya karye a hannunsa, gindin ya maƙale a rami.

Ya zauna a ƙasa yana kallon guntun. Ba'ana ya ce a bari sai Litinin a kira bakanike. Daga baranda Margaret ta faɗi wata magana da Bura, Manasse ya yi dariya, karo na farko cikin watanni. Ba'ana ya tambayi abin da ta ce.

"Wai in yi mata yadda take yi wa allurar keken ɗinki in ta karye a ciki," in ji Manasse. "In bi ta gefe-gefe, kada in ja da ƙarfi."

Ya ɗauko siririn sukundireba ya riƙa sakatar gindin kaɗan-kaɗan yana ƙara kananzir, har ya fito gutsi-gutsi. Ya leƙa ramin da tocila ya ga zoben ƙarfe mai haƙora, duk laka ta cike tsakaninsu. Ba'ana ya riƙa juya masa shi a hankali, shi kuma yana gogewa da tsohon buroshin haƙori. Ya shafa wa sabuwar giris, ya tura ta har ta zauna, ya bi da wayar ta inda taya ba za ta taɓa ta ba, ya ɗaure da igiyar roba da ya yanko daga tsohon tiyub. Ta dama ba ta ba su wahala ba. Hajja Kellu ta aiko da burabusko, wato biskin gero, suka ci a inuwar motar da hannuwan da sabulu ya kasa fitar wa baƙi.

Da rana ta yi sanyi Manasse ya tayar da motar. Wutar ta kama kamar kullum. Ya fita layi a hankali, ya kai bakin titi, yana ƙara gudu sai ta mutu. Ya taka birki a kan yashi, ya taka a kan kwalta, motar ta tsaya cak. Da ya dawo sai ya shiga ɗaki ya sauko da akwatin Margaret daga kan kabad.

Sun tashi da sassafe bayan ya kwana biyu yana bin layin mai. Ya shimfiɗa mata katifa a baya, amma daga Damboa ta ce a dawo da ita gaba. Da duwatsun Biu suka fara bayyana sai ta soma kiran sunayen wurare, har waɗanda shi ya manta. Hawan ya yi wuya, ruwa ya zaizaye hanyar ya bar duwatsu a waje, motar dai ta hau.

Susanna tana zaune a ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta ji ƙarar mota ta tsaya da hannunta. Margaret ta kira ta da sunan da take kiranta tun suna yara, tsohuwar ta miƙe, gyaɗar ta zube. Manasse ya riƙo matarsa har gabanta. Susanna ta shafa fuskarta, ta shafa hannun da ya shanye, ta ce ta rame. Daga nan bakin Margaret ya buɗe. Mata suka cika gidan, kowa yana jin abin da take faɗa, kowa yana mayar mata. Manasse ya zauna gefe a kan turmi yana saurare. Rabon da ya ji ta yi doguwar magana haka tun kafin ciwon.

Sun yi niyyar mako guda. Ana gobe za su koma, ta kira shi bayan gida inda ake hango rafin. Ta daɗe tana gyara zaninta kafin ta yi magana.

"Baban Alfred, ka bar ni a nan tukuna. A can kai kaɗai nake da shi, kuma na gajiyar da kai."

Ya ce bai gaji ba. Ta ce ta sani, amma duk da haka. Ya duba fuskarta ya ga ta ɗan ciko, ya ce to. Shi ba zai iya zama ba, akwai gida, akwai aikin coci da ke hannunsa. Washegari ya sauko gangaren shi kaɗai, birkin bai ba shi matsala ko sau ɗaya ba.

Gidan Bulumkutu ya yi masa faɗi. Da ya shigo Ba'ana ya leƙa motar ya ga ba kowa, sai ya sa aka kawo masa abinci. Manasse ya koma zama a barandar, wani lokaci ya fara magana sai ya tuna ba mai amsawa. Mai ya ƙara wuya, tafiyar da ya so yi a ƙarshen wata ba ta yiwu ba.

Ana dab da Kirsimeti wani ɗan ƙauyensu mai suna Thomas, da ke kawo wake kasuwa, ya biyo ta gidan. Ya ce Mama Margaret tana gaishe shi. Yanzu tana dogara sanda har bakin gona, ranar Lahadi ma ta yi waƙa a coci. Ta ce kada ya wahalar da kansa a kan hanya, tana lafiya, sai dai sanyi ya fara sauka a dutse.

Manasse ya ji daɗi, ya gode wa Allah. Ya ce wa Thomas ya jira shi, zai ba shi rigar sanyinta ya kai mata. Ya shiga ɗakinta ya buɗe kabad, ya buɗe adaka, ya janyo kwallayen da ke ƙarƙashin gado. Ya daɗe a ciki, don bai taɓa sanin inda take ajiye kayanta ba.