Gida a Kan Tudu

Duk damina sai kwata ta kawo wa Yaya ziyara. Da an ɗan yi yayyafi, baƙin ruwan unguwa zai haura dokin ƙofa, ya shigo da leda da tsumma da abin da baki ba ya son faɗa, ya kwanta a tsakar gida kamar shi ke biyan haya. Ita kuwa wanki da guga ne sana'arta. Ranar da ta tsamo zannuwan gadon wani otal daga cikin wannan ƙazanta, manajan ya ce mata in aka kuma, ta nemi wasu masu kayan. Otal ɗin nan kuwa shi ne cinta, shi ne shanta.

Sai ta nufi ofishin ƙanenta Auta, ma'aikacin taswira. Ɗaki ne mai sanyin na'ura, shi kuma yana juyi a kujera, takalminsa ƙal kamar bai taɓa gaisawa da ƙasa ba.

"Tudu nake nema, Auta. Inda ruwa ba ya hawa."

"Shi ke nan matsalar?" Ya jawo kwamfuta gabanta. "Kin ga lambar nan? Tsayin wuri ne daga kan teku. Tauraron ɗan'adam ya riga ya auna ko'ina, ni taɓawa kawai nake yi." Ya taɓa rufin gidanta, ya kwashe da dariya. "Ashe cikin kwano kike zaune, Yaya!"

Ya yi ta taɓe-taɓe har ya kai wani wuri a bakin gari inda lambar ta fi ta ko'ina. Nan take ya buga wa wani dillali waya, aka ce ai akwai gida a can saman, babu kowa a ciki.

"Ka taɓa zuwa wurin?" in ji ta.

"Haba Yaya, zuwa kuma? Mu aikinmu ya wuce yawon shan rana."

Ta sa masa albarka. Ita ma dai ba ta je ba, don wanki ya kai mata iya wuya. Ta miƙa wa mai gida makulli, kafin ta gama ɗaure kaya ya zuba sabon ɗan haya.

Wari ne ya fara tarbarsu, tun motar kayan ba ta bar kwalta ba. Direba ya ɗaga gilashi, ya yi tsaki, ya fara hawa. Tudu kam tudu ne, Auta bai yi ƙarya ba. Jujin gari ne na shekara da shekaru, aka shafa masa jar ƙasa a ka, wani marar tsoron Allah ya kafa gida a kai. Ta gefe kuwa komai a fili yake: ƙasusuwa, ruɓaɓɓun katifu, ƙunzugun jarirai, ga hayaƙi mai ƙauri yana tsattsafowa ta tsagar ƙasa. Ungulaye sun yi sahu a kan katanga suna kallon baƙi. Da Yaya ta diro, ƙasar ta lotsa a ƙarƙashin ƙafarta, wani ruwa mai yauƙi ya leƙo ta tsakanin yatsunta. Ta toshe hanci da gefen mayafi, ta kira Auta a waya.

"Bola ka kawo ni! Bola, Auta!"

Ta ji yana danne-danne. "Amma lambar daidai take, Yaya. Ruwa dai ba zai taɓa shigo miki ba."

"Da kana kusa da na wanke ka da mari."

Ta kashe wayar. Abin da ya fi ƙona mata rai, har cikin zuciyarsa gani yake ya yi mata aiki.

"Mama, a sauke ko a juya?" in ji direba ta cikin hanci.

A juya ina? Ga kuma zannuwan otal a cikin baho, da danshinsu, ana jiransu da yamma.

"Sauke."

Ta ɗaura igiya daga ƙusa zuwa ƙusa, ta yarfa zanin farko, fari tas, ta shanya. Ta sunkuya ɗauko na biyu. Kafin ta ɗago, ƙudaje sun mayar da na farkon baƙi.