Gadon da Balbela ta ci ta gida biyu

Tun kafin Balbela ta iya zama fatarta ta fara tsagewa. Babanta ne ya laƙa mata wannan suna saboda dogayen ƙafafunta, kuma a bayan gwiwoyin nan ne ciwon ya fi yin kaka-gida, sai wuya da lanƙwasar hannu. Takan yi ta susa har jini ya fito. Tana shekara bakwai kuma ƙwai ya riga ya zame mata abokin gaba: loma ɗaya, leɓe ya kumbura, jiki ya yi rudu-rudu.

Uwarta tana aiki a gidan burodi, ita ke kwaɓin safe. Surukarta kuwa, wadda kowa ke kira Kaka, ta daɗe da yanke hukunci.

"Fulawar nan ce da kike kwasowa a jikinki," in ji Kaka. "Mu zuriyarmu fata sumul kamar tarwaɗa. Ba ma susa sai in sauro ya yi cizo."

Uwar ba ta musu. Takan yi wanka a wurin aiki, ta sake wani a gida kafin ta taɓa 'yarta. Daga baya ma ta ɗauki hutu ta zauna, amma ciwo bai san an yi ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita kanta ta fara yarda laifinta ne.

Da aka tura su wurin likitar fata, Kaka ta ce ƙafarta ƙafarsu, don ita za ta faɗa wa likita gaskiya. Likitar ta duba yarinyar a tsanake, sannan ta juyo kan manya.

"Baban Balbela, mu ga tafin hannunka."

Ya buɗe. Zane ne birjik, ya fi na kowa yawa.

"Ka taɓa yin asma?"

"Da ina ƙarami."

"Sanyi ne kawai ya kama shi," in ji Kaka.

"To Mama, ke ma a taimaka mini da ƙwaurinki in gani."

Kaka ta ɗan ɗage zane. Fatar a bushe take, ta yi ɓawo-ɓawo duk da man da ta sha.

Balbela ta leƙa. "Kaka, ai tarwaɗa ba ta da ɓawo. Wannan karfasa ce."

"Rufe mini baki, ja'ira."

Uwar ta sunkuyar da kai don kada a ga dariyarta. Wani sanyi ya ratsa zuciyarta, amma bai daɗe ba, don likitar ta juyo gare ta da tambayoyi. Eh, tana yawan atishawa. Eh, yatsunta kan tsage, ta ɗauka kwaɓi ne. Aka ɗebi yawun uwa da uba da 'ya a kai ɗakin gwaji.

Ranar da suka koma, likitar ta yi musu bayani dalla-dalla. Ta ce fata katanga ce, kuma akwai wata ƙwayar gado mai haɗa simintin da ke riƙe bulon. Kowa na karɓar biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Uban yana da ɗaya mai rauni, uwar ma haka, shi ya sa nasu bai yi tsanani ba. Balbela kuwa ta haɗa duka biyun. Danshi na ficewa ta tsagogin, ƙura da ɓurɓushin abinci na shiga, jiki ya ɗauke su abokan faɗa.

"Fulawar fa?" in ji uwar.

"Ba ita ta jawo ba. Da wannan aka haife ta. Ki koma bakin aikinki."

Kaka ta gyara mayafi, ta dubi surukarta.

"To, 'yar nan, an yi kunnen doki ke nan. Ki yafe mini bakina."

Gado ba ya fita, amma ana iya toshe tsagogin. Aka ba su mai mai kauri na shafawa safe da yamma tun jiki da lema, da wani na daban in ciwo ya taso. Aka kori sabulu mai ƙamshi, aka koma tufafin auduga, aka sanar da makaranta zancen ƙwai. Kaka ta karɓe shafar safe, ta shafa wa jika, ta shafa wa kanta, suna gardamar wa ya fi sheƙi. Uwar ta koma kwaɓinta. Wani lokaci ciwon kan leƙo, a tare shi tun bai zauna ba.

Ƙarshen shekara aka yi wasannin makaranta. Balbela ta shiga tsere da gajeren wando, ta yi gumi sharkaf ba ta kai hannu wuya ba, ta zo ta biyu. Uwarta na tsaye bakin fili, hawaye na zuba tana dariya. Kaka kuwa tuni ta tare malamin wasanni tana yi masa bayanin cewa daga inda take zaune, ƙafar jikarta ce ta fara taka layi.