Sunan Shekari a Takardar Gwaji

Da ƙarfe goma da 'yan mintoci firintar ta sake fitar da sunan mamacin. Lucia ta zaro takardar da ɗuminta. Shekari Bako. Rukunin jini O. Jinotaif AA. Matar da ke jiran sakamako a kan benci kuwa Busola sunanta.

"Kawo nan," in ji Anti Sarah. Ta ninke takardar ta jefa a jakarta, sannan ta sake buga lambar Busola a hankali. Wannan karon ta fito daidai.

Shekari ne ya rubuta manhajar ɗakin gwajin wannan ƙaramin asibiti na Sabon Gari. Wata takwas ke nan da motarsa ta kife a hanyar Kaduna. Sarah matarsa ce, ita ke teburin karɓar marasa lafiya. Tun da sunan ya fara fitowa nas-nas ba sa shiga ɗakin su kaɗai. An kawo fasto ya ɗora hannu a kan firintar. Kwana uku, sunan ya dawo.

Lucia 'yar aji uku ce a jami'a, tana karanta ilimin kwamfuta, kullum daga Samaru take hawo keke ta zo koyon aiki. Likita ya ce ta duba abin. Ba ta gaya masa cewa darasin poyinta ne ya kayar da ita a jarrabawar bara ba, ga shi manhajar cike take da poyinta.

Ta buɗe littafinta na aji. Abin da Malam Akinola ya ce, ta rubuta shi ba tare da ta gane ba: poyinta ba ya riƙe kaya, lamba kawai yake riƙewa, adireshin gurbin da kayan suke a memori, ma'ajiyar kwamfuta. In ka saki gurbi, ba a share shi, ana dai yi masa alamar babu mai shi.

Ta ƙara layi ɗaya, manhajar ta riƙa nuna adireshin kowane bayani kafin ta buga shi. Ta kashe kwamfutar ta kunna. Ta buga lambar da babu kowa a kanta. Sunan ya fito, da doguwar lamba a gefe mai ƙarewa da 4a0. Ta sake. 4a0. Sau biyar.

Ta bi lambar har farkon manhajar. Shekari ya tsara ta yadda kowace safiya za ta ƙirƙiri bayanin gwaji da sunansa da jininsa, don a ga ko firinta na aiki, sai a saki gurbin. Bai goge adireshin daga poyintan ba. Duk wanda ya yi kuskuren lamba, sai manhajar ta koma inda ta sani. A saman layin ya bar wa kansa rubutu: "Zan gyara wannan ranar Litinin."

Ta daɗe tana kallon rubutun. Fanka na juyawa.

"Anti, na gano. Ba shi ba ne. Kuskure ne ya bari."

"Ai na san ba shi ba ne," in ji Sarah, ba ta ɗago ba. "Ni yarinya ce? Mutumin da ko kwanon da ya ci abinci ba ya ɗaukewa. Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa."

"To ki bar shi. Ni nake karɓar takardun, kuma ina ganin sunan. Wa yake cutarwa?"

Lucia ta koma ta zauna. Don ta tabbatar, ta shigar da sabon mutum na ƙarya, ta dubi adireshin da aka ba shi. 4a0. Ta buga takardarsa ba tare da ta shigar da sakamako ba. Sunan na ƙarya ya fito a sama. A ƙasa, O da AA.

Nan ta gane. Mutum na farko a kowace safiya gurbin Shekari ake ba shi. Sunansa yana hawa kan na mamacin, amma jinin yana nan har sai an shigar da nasa. Ta ɗauko littafin da mai gwaji ke rubutawa da biro, ta fara haɗawa da kwafin takardun, rana bayan rana. A ranar Talatar da ta wuce ta tsaya.

Ta ajiye littafin a gaban Sarah, yatsa a kan layin.

"Okechukwu Nnadi," Sarah ta karanta. "Mai shagon taya. Cocinsu ne suka ce sai sun kawo takarda kafin a sa ranar aure. Har alewa ya saya mana."

"Littafi ya ce AS. Takardar da kika ba shi ta ce AA."

"Yarinyar da zai aura fa?"

"AS." Su biyun sun san AS da AS na iya haifar mai ciwon sikila.

Sarah ta cire tabarau ta goge da gefen zaninta. Ta mayar.

"Wutar ce ta ɗauke ran nan. Othniel mai gwaji ya rubuta a littafi, ya ce zai shigar daga baya. Yaron yana sauri, da wuta ta dawo sai na buga masa." Ta dubi Lucia. "In kin gyara, ba zai sake fitowa ba?"

"Ba zai sake ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Layi biyu ne, Anti. Zan share gurbin, in goge adireshin."

A waje mai keke yana kiran Samaru, Samaru, saura mutum ɗaya. Sarah ta jawo wayar asibitin, ta nemo lambar Okechukwu a jikin katinsa.

"Je ki yi, 'yata. Amma ki ja ƙofar, ba na son jin ƙarar madannan kwamfutar."

Lucia ta kai bakin ƙofa lokacin da aka ɗauki wayar.

"Oke, ina wuni. Sarah ce daga asibiti. Kun kai wa Fadan cocinku takardar nan?" Ta saurara. "To. Ka rufe shago ka zo. Kai kaɗai tukuna."