Tsayuwar Barnabas a Kan Ƙwallo

An ɗauke Barnabas Yuguda daga fili a sunkuye, sandar golf tana hannunsa, bayan ya tsaya a kan ƙwallo tun hantsi har rana ta take bai buga ba. Mutum huɗu suka ɗora shi a bayan a-kori-kura yadda yake, domin bayansa ya ƙi miƙewa. Wannan ya faru wata Asabar a farkon daminar 1994, a wani fili da ke gefen hanyar Iware, bayan garin Jalingo.

Barnabas akawu ne a wata ma'aikatar jiha, mazaunin unguwar Sarkin Dawaki. A shekarar aka ce za a mayar da shi ofishinsu da ke garin Mutum Biyu. Matarsa Miriam, wadda ba ta daɗe da samun rumfa a kasuwa ba, ta gaya masa cewa ita da 'yarsu Success ba inda za su, in ya tafi ya tafi da tukunyarsa. Barnabas bai taɓa dafa ko ruwan shayi ba.

Wanda zai sa hannu a canjin shi ne sabon darakta, Alhaji Jamaluddeen, wanda ya iso daga Kaduna da jakar sandunan golf, ya tarar babu abokin wasa. Barnabas ya shiga ofishinsa da niyyar roƙo. Da ya ga jakar a jingine sai bakinsa ya riga shi, ya ce ai shi ma yana ɗan taɓawa. Darakta ya ajiye biro. Ya ce to, su haɗu a fili bayan wata guda ya ga bugun Barnabas, daga nan sai su yi maganar Mutum Biyu.

Mutum ɗaya aka sani a garin da ya san wasan: Maishanu, Bakatsine mai gyaran rediyo, wanda ya yi dakon jakar 'yan golf a Kaduna a ƙuruciyarsa. Yana da sanda ɗaya da ƙwallo ɗaya. Da Barnabas ya je neman koyo, sharaɗin Maishanu shi ne ba za a buga ƙwallon ba, don in ya faɗa ciyawa babu wani. Ya ce ko da ma bugu ba komai ba ne, wasan duk a tsayuwa yake.

Suka fara da riƙo. Hannun hagu a sama, na dama a ƙasa, ƙaramin yatsan dama ya sarƙe da manunin hagu, kuma kada a damƙe kamar ƙotar fartanya. Ƙafafu su buɗe daidai faɗin kafaɗa. Gwiwa ta ɗan saki. A sunkuya daga ƙugu, baya a miƙe, hannuwa su zubo da kansu. Kafaɗar hagu ta dubi inda ake so ƙwallo ya tafi, wato wata giginya a ƙarshen fili. Ido a kan ƙwallo. Wanda ya ɗaga kai, sai ya koma kan riƙo daga farko.

A nan Barnabas ya fi shan wuya. Filin yana bakin hanya, shi kuma bai iya barin babba ya wuce bai gaishe shi ba. Masu doya daga Iware, matan Fulani da ƙwaryar nono, dattijan cocinsu a kan keke, kowa sai ya miƙe ya tambaye shi gida da gajiya.

"Akawu, ƙwallo kake gaisarwa ko jama'a?" in ji Maishanu. "Koma riƙo."

Kafin wata ya cika Barnabas ya koyi rufe kunne. Limamin cocinsu ya wuce ya yi masa magana, bai ɗaga kai ba, sai da yamma ya bi shi gida ya ba da haƙuri. Tsayuwa kuwa ta zauna masa. A ofis haka yake tsayawa gaban kabad. Maishanu ya ce ko a Kaduna bai ga irinta ba. Abin da ke biyo bayan tsayuwar ne ba su kai kansa ba.

Ranar Asabar Darakta ya zo a farar Fijo da direba. Ya kafa ɗan turken roba a ƙasa, ya ɗora sabon ƙwallo, ya ja da baya. Barnabas ya gyara riƙo, ya buɗe ƙafa, ya saki gwiwa, ya sunkuya. Darakta ya gyaɗa kai ya yi shiru.

A ƙa'idar golf, in mutum ya tsaya a kan ƙwallo, ba a yi masa magana sai ya buga. Darakta mai kiyaye ƙa'ida ne. Barnabas kuwa tun da ya kama aikin gwamnati bai taɓa yin komai a gaban babba ba sai an ce ya yi. Don haka ya jira izini, Darakta ya jira bugu.

Rana ta ɗaga. Direba ya yi tari, Darakta ya ɗaga masa hannu. Masu wucewa suka taru, aka yi musu alamar shiru, suka zauna. Darakta ya koma kan bonet ɗin motarsa, ya nuna da yatsa a kawo masa lema. Gumi yana sauka daga hancin Barnabas yana ɗiga kusa da ƙwallo. Ya ji ƙugunsa ya ɗauki zafi, daga baya ya daina jin komai. A ransa yana cewa gwaji ne, Oga yana auna ladabinsa, wanda ya yi garaje shi ne mai zuwa Mutum Biyu.

Miriam ce ta kawo ƙarshen abin, da kwanon abinci a kanta.

"Baban Success, mutuwa ka yi a tsaye?"

"Oga bai ce in buga ba," in ji Barnabas, idonsa a kan ƙwallo.

Darakta ya sauko daga kan mota. Ya ce shi ai bugun yake jira tun safe. "Bismilla, Malam Barnabas. Buga."

"Na gode, ranka ya daɗe."

Ya nemi ɗaga sanda, hannu ya ƙi. Ya nemi miƙewa, baya ya ƙi. Yatsun ma sun ƙi sakin juna. Aka tsayar da a-kori-kurar wani mai ɗaukar masara.

Ranar Litinin Darakta ya shaida wa ma'aikata cewa bai taɓa ganin natsuwa irin wannan ba, amma magana tana nan yadda ya faɗa, sai ya ga bugun. Likita ya hana Barnabas sunkuyawa har ƙarshen damina. Kafin damina ta ƙare aka tura Darakta wani kwas mai tsawo, mai riƙon kujerarsa kuma ya ce ba zai taɓa maganar da Oga ya bari a buɗe ba.

Barnabas yana Jalingo, Miriam tana rumfarta, tebur yana jiransa a Mutum Biyu. Maishanu ya ce ba a taɓa ƙwallon da ke cikin wasa da hannu, ya kife masa tsohon kwano. Mai filin ya shuka gyaɗa ya zagaye wurin. Har ƙarshen 1995 ba a soke canjin ba, ba a tabbatar da shi ba, ƙwallon kuma yana ƙarƙashin kwanon.