Wuyan Blagoi da Bishiyar Bayan Gida

A tsohuwar unguwar kan tudu, inda ba a sauya ko ƙusar taga sai da yardar hukumar adana gine-ginen tarihi, Nevena ta kafa shingen kwano a bayan gidanta ba tare da ta tambayi kowa ba. So take ta sare bishiyar orah da ke wurin, wata bishiya mai 'ya'ya masu taurin ɓawo da ake fasawa a ci, idon maƙwabta bai gani ba.

Mijinta Blagoi ne ya dasa ta, shekarar da ya bar koyarwa. Kowa a garin ya san wanda ya dasa orah da hannunsa yakan mutu idan kaurin gindinta ya kai kaurin wuyansa, shi ya sa ake jefa ƙwallonta a ƙasa, a juya baya, a bar ta ta tsiro da kanta. Blagoi kuwa ya tara maƙwabta, ya haƙa rami a gabansu don ya nuna musu camfi ne. A lokacin har ita ta yi dariya. Amma tun da ciwo ya kwantar da shi, wuyansa ke ramewa, bishiyar kuma tana ƙiba. In ta zo gyara masa wuyan riga sai ta zagaya zare a ɓoye, ta je ta gwada a gindin. Abin da ya rage tsakaninsu bai fi faɗin yatsa ba.

Da hantsi Lyuben ya zo, ma'aikacin hukumar, ɗan ƙawarta, wanda Blagoi ya koyar tun yana gajeren wando. Ya dubi kwanon, ya leƙa, ya ga dogon zarto mai mariƙi biyu jingine da bishiyar.

"Goggo Nevena, wannan kwanon daga hasumiyar agogo ake hango shi. Bishiyar kuma, kin san ba a taɓa ta sai kwamiti ya zauna."

"Yaushe zai zauna?"

"Ƙila bayan bazara."

"To ka gaya wa bishiyar ta dakata da girma har su gama shan shayi."

"Haba Goggo, ke ma kin yarda da wannan zancen? Likita fa ya ce..."

"Likita ba shi zai kwana shi kaɗai a gidan nan ba. Kai, ni na share maka majina a wannan tsakar gidan. Matsa min."

Bai matsa ba, bai kuma hana ta ba. Ya ce in ta sare, dole ya kai ƙara, za a kira ta kotu. Ta ce a kira, ta daɗe ba ta sa rigarta ta fita ba. Ta ɗora zarto a gindin. Aikin mutum biyu ne. Ƙarfen ya lanƙwashe, ya zame, ya kuma zamewa, ɓawon kawai yake karta.

Ƙofar baya ta buɗe. Blagoi ya fito cikin bargo, yana dafa bango, ya tsaya yana kallon matarsa da bishiyar da ya dasa don ya ƙure garin nan. Zaren da take ɓoyewa yana hannunsa.

"Tsohuwa, kin zaci ba na jin kina auna ni kamar rago?"

Ba ta ɗago ba. "Koma ciki, akwai sanyi."

"Camfi ne. Jiya camfi ne, yau ma camfi ne."

"Na ji, malam. Koma ciki."

Bai koma ba. Ya tako a hankali, ya durƙusa a ɗaya gefen, ya kama mariƙin da babu kowa.

"Ban yarda ba fa. Yatsunki nake ji wa. Ja, kada ki tura."

Ta ja. Haƙoran zarton suka kama itace, farin gari ya fara zuba a kan takalmanta. Lyuben ya ɗan jima a tsaye, sannan ya juya zai fita.

"In ka kai ƙarar," in ji Nevena tana haki, "ka ce mu biyu ne. Ka gaida uwarka."