Gugan Barau

Hantsi ya ɗaga, ranar bazara ta fara cizo, ga wani ɗan hadari can gabas da ya ƙi ƙarasowa, lokacin da Barau baduku yake sauke kayansa daga kan jaki a kasuwar Maigatari. Daga Ɗanzomo ya taso tun da asuba. Bai gama jera gugunansa ba sai ga Adda, Bafillatanar da ke kawo nono kasuwa, abokiyar wasansa ta ƙabila don shi Bamange ne, ta jefo masa wani guga a gabansa, gefensa a yage.

"Kai Bamange, ga gugan Barau ɗin da ake ta yabo. Wata bai cika ba ya yage. Shanuna da ƙishirwa suka wuni."

"A'a, Adda, ko gaisuwa babu? Ko a rugarku ba a san ta ba?"

"Gaisuwar tana cikin rijiya, je ka ɗauko."

Barau ya yi dariya ya ɗauki gugan. Rijiyoyin ƙasar nan dai zurfi gare su, kuma guga na gargajiya in ya isa ƙasa sai ya kwanta a kan ruwa yana yawo, mai ja ya yi ta fizgar igiya har kafaɗa ta yi tsami kafin ya nutse. Bara waccan Barau ya yi dabara, ya ɗinke wani ɗan nauyi a gefe ɗaya kusa da bakin gugan. Da ya taɓa ruwa sai ya karkata da kansa ya cika. Mata ne suka raɗa masa suna gugan Barau, sunan kuwa ya bi shi har ƙauyukan Damagaram.

Ya juya wanda ke hannunsa. Ɗinkin ba nasa ba ne. Ya sa yatsa cikin yagar, yatsan ya fito ja da tsatsa.

"Wajen wa kika saya?"

"Wajen Ubale na Gagarawa. Ya ce duk abu ɗaya ne."

Barau ba mai son hayaniya ba ne. Amma ya san yadda magana take tafiya a bakin rijiya. Yau Adda ce, gobe goma ne, jibi ba wanda zai ƙara kallon rumfarsa. Ya rataya gugan tare da wani sabo nasa ya nufi gindin tsamiya, inda tsoho Cindo, Sarkin Dukawan kasuwa, yake zama.

Aka kira Ubale. Ya zo yana share gumi da bakin riga, ga dukawa sun biyo shi kallo. Ya girmi Barau, ya kuma fi shi baki.

"Ranka ya daɗe, ni ban shiga ɗakinsa ba, ban taɓa fatarsa ba. Gani na yi, na yi. Ido yana da shamaki ne? Ku tambaye shi wa ya ƙago basilla. Kakansa ne? Ai ban ga yana neman izinin kowa kafin ya huda fata ba."

Aka yi dariya, har Barau ma.

"Yaya Ubale, ni ba abincinka nake so in tsare ba," in ji shi a hankali. "Fatarka ce ta yage, amma sunana ake zagi."

Manu dillali, wanda ya taɓa yi wa wani kantin Turawa aikin sayen fata a Kano bayan zuwan jirgin ƙasa, ya sa baki daga gefe.

"Sarki, wani akawu ya taɓa ba ni labari. Wai a ƙasar Nasara in mutum ya ƙago abu, hukuma takan hana kowa kwaikwayonsa har wasu shekaru. Amma fa sai ya fara bayyana yadda ya yi shi, filla-filla. In shekarun suka cika, abin ya zama na kowa."

"Kai Manu, komai sai ka ce Nasara," in ji Cindo. Ya ɓare goro ya daɗe yana taunawa. "Amma ko daga bakin mahaukaci gaskiya ta fito a ɗauka. Barau, in na ce Ubale ya daina, gobe wani zai yi a ɓoye, ya yi mara kyau, a ci gaba da kiran sunanka. In na ce kowa ya yi, na cuce ka. To ga abin da na gani. Ka faɗi sirrin nan a gaban dukawa. Ni kuma na hana kowa shigo da guga mai nauyi kasuwar nan, in ba kai ba, har kaka biyu su wuce. Bayan nan kowa ya yi, amma ya sa shaidarsa a jiki, kada ya kira sunan da ba nasa ba. In ba ka yarda ba, riƙe sirrinka, Ubale ya riƙe idonsa."

Barau ya shafa ƙullin nauyin da ke bakin sabon gugansa. Ban da matarsa Lauratu ba wanda ya san abin da ke cikin ƙullin nan, don ita ke taya shi gogewa a tsakar gida. Kaka biyu kuwa kamar yau ne. Ya dubi gugan Adda, ya dubi tsatsar da ke yatsansa. Sannan ya zaro wuƙarsa, ya ɗauko nasa sabo, ya farke ƙullin. Wani ɗan dutse mai sulɓi, bai kai ƙwan zabuwa ba, ya faɗo kan tabarma.

"Ɓarin dutsen niƙa ne," in ji shi. "Wanda mata suka yar. A goge shi har kaifin ya mutu, a naɗe shi cikin jiƙaƙƙen ƙirgi. In ya bushe zai damƙe shi. Sannan a ɗinka. Ƙarfe kuwa da ya sha ruwa zai yi tsatsa ya cinye fatar."

Ubale ya dafe kai.

"Dutsen niƙa! Ni da na yi ta ɗauko guntayen ƙarfe tun daga Kano, ga shi nan zube a bayan ɗakin uwargidana!" Ya juya wajen Cindo. "To Sarki, kasuwar Gumel fa? Da tamu ta Gagarawa?"

"Muryata iyakarta inuwar kasuwar nan. Amma kafin ka tashi, ka gyara wa baiwar Allah guganta."

"An gama, ranka ya daɗe."

Ba a gama ba. Ubale ya ɗaure kayansa da sauri, hankalinsa ya riga ya tafi bayan ɗakin uwargidansa, ya bar gugan a rataye jikin tsamiya. Barau ya gani bayan azahar. Ya ɗauko ya zauna a rumfarsa, ya fitar da ƙarfen, ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya sa faci, ya ɗinka ƙullinsa na dutse. Ya kai layin masu nono, Adda ba ta nan, sai ya ajiye kusa da ƙwaryarta.

Da la'asar sakaliya, iska mai ƙamshin ruwa ta fara kaɗawa, ya tsaya a rijiyar bakin gari don ya shayar da jaki. Adda na can da shanunta. Ta zura igiya, ta yi ta zurawa, can ƙasa aka ji ɓulum, ba tare da ta fizga ko sau ɗaya ba.

"Kun gani ko?" ta ce da matan da ke wurin. "Ashe Ubale ya iya aiki, tsawa kawai yake so." Ta hango Barau. "Kai Bamange, in kana da hankali ka je Gagarawa ka koyi ɗinki."

"To, Adda, sai na shirya."

Ta juye ruwan a kwami ta sake zurawa. Barau ya ɗan karkata kai yana saurare har ya sake jin ɓulum ɗin. Sannan ya kora jakinsa ya kama hanyar Ɗanzomo.